Ɗan Daudun Fim Da Ɗan Daudun Tasha

Mai karatu, bari in fara da yi maka tambaya. A duk finafinan Hausa da ka kalla, tun zamanin kaset har zuwa yau da ake kallo a waya, sau nawa ka ga ɗan daudu ya kwanta ciwo? Sau nawa ka gan shi yana lissafin kuɗin haya, ko yana zaune a layin asibiti da kati a hannu? Na san amsar. Abin da ka gani shi ne ya shigo yana karairaya, ya tafa hannu, ya riƙe haɓa, ya rangaɗa shewa, ya yi wa wata habaici, a biyo shi da taɓarya, ya fita da gudu zani na faɗuwa. Minti uku, darakta ya sami dariyar da yake nema, sai a koma kan jarumi da jaruma.

Ba yau aka fara ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba 2014, ya yi Ibro Ɗan Daudu tun a farkon shekarun 2000, kuma duk wanda ya san camama ya san Allah ya ba shi baiwar kwaikwayo. Bayansa Ado Gwanja ya yi suna da irin wannan fitowa kafin waƙa ta ɗauke shi. A 2024 kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta ce ta hana finafinan da ke nuna daba da daudu. To ka gani, mun tashi daga yi masa dariya mun koma goge shi daga allo gaba ɗaya, ba mu taɓa tsayawa a tsakiya mun dube shi da kyau ba.

A wannan watan labarin wata ɗaliba zan ba ka, wadda karatunta ya tilasta mata ta tsaya ta duba, a shekarar da korona ta rufe makarantu. Amma tun da wuri in faɗa maka, ni ba malami ba ne, ɗan jarida ne mai difiloma, kuma ban zo in halatta abin da malamai suka ce haramun ne ba. Hukuncin namiji ya kwaikwayi mace sananne ne, yaro ɗan Islamiyya ma ya san shi. Maganata a kan abin da ya rage ne bayan an gama faɗin hukuncin. Mutumin yana nan bai ɓace ba, yana jin yunwa, yana ciwo. Wa zai je wurinsa?

Kafin nan mu rarrabe abu uku da mutanenmu ke zubawa a ƙwarya ɗaya. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ta rikita ungozoma. Wannan fiƙihu bai manta da shi ba: Muhtasar na Shehu Halil, da malamanmu na zaure ke karantarwa, da mas'alarsa ya rufe babin gado, kuma in an kasa gane ɓangaren da ya rinjaya, ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Wato tun ɗaruruwan shekaru malamai sun zauna sun yi wa wannan bawan Allah lissafin haƙƙinsa.

Akwai kuma waɗanda gidajen rediyo ke kira masu sauya jinsi, wato wanda aka haifa namiji yake ɗaukar kansa mace, ko akasin haka, har wasu su nemi hukuma ta canza musu takardu. A kan waɗannan ne duniya ke ta muhawara, kuma ba a Turai da Amurka kaɗai ba. A Indiya kotun ƙoli ta amince da jinsi na uku a 2014. Pakistan, ƙasar Musulmi, ta yi dokar kare su a 2018, sannan a 2023 kotun Shari'a ta tarayya ta soke wasu sassan dokar.

Na uku shi ne namu na gida, ɗan daudu, wanda ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin a san waccan muhawara. Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009 mai suna Allah Made Us. Daga cikin abin da ya nuna har da cewa da yawansu suna aure, suna haihuwa, suna salla, suna zuwa Makka, kuma sana'ar da aka fi sanin su da ita ita ce dafa abinci da sayar da shi. Wannan ba sai Bature ya faɗa mana ba. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota da daddare yunwa na cin sa ya san rumfar da ake samun tuwo da soyayyar kaza.

Yanzu mu zo 2020. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. A wannan rana ce kuma aka buɗe bikin kamun kifi na Argungu, bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba. Shugaba Buhari ya zo, masunta suka faɗa Matan Fada da homa da gora, aka kama kifi mai kilo 78. Duk mai tukunya daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ya kwashi kayansa ya nufi Argungu, aka yi ciniki na fitar hankali. Ba a yi kwana goma da watsewa ba, ranar 23 ga Maris, makarantu suka rufe. Ƙarshen Afrilu cutar ta ɓulla a Jihar Kebbi, azumi ya kama ranar 24 ga watan, farkon Mayu aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, aka sa dokar hana fita daga takwas na dare zuwa shida na safe. Dama tun Agusta 2019 iyakarmu da Nijar a rufe take, hanyar Kamba ta yi sanyi. Ka ƙiyasta halin wanda abincinsa ke rataye da direba da fasinja.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta difiloma a nan Birnin Kebbi. Taubashiyata, ɗiyar kawuna, ita kuma tana wata kwalejin kimiyya da fasaha a wata jiha, tana karanta aikin jin daɗin jama'a, abin da mutanen gari ke kira walfiya. Dama ina yi mata tsiya ina cewa ta tafi makaranta ta koyo raba faɗan miji da mata, abin da kakarmu ke yi kyauta. Ashe karatu ne mai zurfi, kuma rabinsa ba a aji ake yin sa ba. Dole ɗalibi ya fita aikin sanin makamar aiki: a tura shi asibiti, ko gidan marayu, ko gidan gyaran hali, ko ofishin da ke sasanta iyali, ya zauna gaban mai matsala ya saurare shi, wani babba na duba yadda yake yi. Korona ta zo ta rufe duk waɗannan ƙofofi. An ce a koma karatu ta intanet, amma kai ma ka san zancen. Kwamfuta babu, sabis sai an hau katanga, kuɗin data ya fi ƙarfin ɗalibi.

Malamarsu ɗaya ce ta ƙi sakin su. Ta buɗe musu zaure a WhatsApp, tana turo darasi da saƙon murya, taubashiyata na saukewa da tsakar dare lokacin da data ke da araha. Ni ma da ke zaune kusa na tsinci abin da na tsinta. A nan na fara jin sunan Felix Biestek, wanda a 1957 ya tsara ƙa'idoji bakwai na mu'amalar jami'in walfiya da mai neman taimako. Huɗu sun zauna mini a kai: ka karɓi mutum yadda ka same shi, kada ka zama alƙalinsa, ka rufe sirrinsa, ka bar shi ya yanke wa kansa shawara. Malamar ta ce karɓar mutum ba ya nufin ka yarda da duk abin da yake yi. Likita na ɗinke ɓarawon da aka sara, bai zama ɓarawo ba.

Sai ta ba su aikin da zai tsaya a madadin fita. Ta ce kowa ya sa takunkumi ya zaga unguwarsu, ya rubuto mutum goma da kullen ya fi yi wa illa. A wata takarda daban kuma ya rubuto waɗanda masu rabon tallafi suka tsallake, da dalilin tsallake su.

A nan ya kamata ka san yadda tallafin ke tafiya. A watan Afrilu 2020 gwamnatin tarayya ta raba naira dubu 20, kuɗin wata huɗu a dunƙule, ga gidajen da ke cin gajiyar shirinta na tallafa wa talakawa. Rajistar talakawa ta ƙasa tana da gidaje miliyan 2.6 a lokacin, shugaban ƙasa ya ce a ƙara miliyan ɗaya. Hanyar shiga rajistar ita ce mutanen gari su taru su nuna waɗanda suka fi talauci a cikinsu. Haka ma buhun gero da taliyar da masu hali da ƙungiyoyi ke rabawa, ta hannun dattawan unguwa suke bi. Tsarin yana da hikima, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma yana da rami guda: wanda gari ke jin kunyar ambaton sunansa ba zai taɓa shiga takarda ba, ko da yunwa za ta kashe shi.

Ni ne ɗan rakiya, ni ne mai babur. Takardarta ta farko ta cika cikin kwana biyu: gwauruwa mai 'ya'ya shida, makaho, mai facin taya, mai tallar fura. Ta biyun ce ta kai mu bayan wata tashar mota, wurin wani dattijo mai sayar da tuwo wanda duk garin ya san shi ɗan daudu ne. Mutumin Argungu ne, ya baro gida tun yana saurayi bayan abin da ya faru tsakaninsa da danginsa, ba ya komawa sai lokacin biki, ya kafa rumfa kamar baƙo. Ribar da ya samo a bikin Maris ya zuba ta duka a shinkafa da manja da kaji, yana jiran cinikin azumi da bukukuwan bayan salla. Motoci suka tsaya, biki ya tsaya. Kajin ya karyar da su, shinkafar suka cinye shi da yara uku da ke taya shi aiki.

Mun same shi kwance a tabarma, ƙafarsa naɗe da tsumma, tukwane a kife. Yana da ciwon suga, ƙusa ta soke shi a yatsa, wurin ya ƙi warkewa har ya fara wari. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda za ta gaida kowane dattijo.

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

Ya daɗe yana kallon ta kafin ya amsa. Ya ce, "Ɗiyata, mi ya kawo ki wurin ga? Ko ɓatan hanya kunka yi?"

Ta yi masa bayani. Ta tambaye shi me ya hana shi zuwa asibiti. Ya ce tsoro biyu. Na farko an ce duk wanda ya je da zazzaɓi killace shi ake yi. Na biyu kuma ya fi daɗewa: zuwan da ya yi na ƙarshe wani asibiti, mai ba da kati ya kwaikwayi muryarsa a gaban jama'a, duk layin aka kwashe da dariya, shi kuwa ya juya ya tafi kemis. Mai karatu, ka tsaya a nan kaɗan. Wannan mai ba da kati, a ina ya koyi cewa abin da ake yi in an ga ɗan daudu ke nan? Ni dai na san inda na taɓa ganin wannan fitowa, da kiɗa a bayanta.

Da ta ɗauko biro za ta cike takarda, ta zo kan layin da aka ce a bayyana ko wane ne mutumin, sai ta tsaya. Ta ce, "Baba, me zan rubuta a nan?"

Ya ce, "Ki rubuta mai tuwo. Shekara talatin da 'yan kai ina tuƙa tuwo garin ga. Wancan suna su sunka ba ni shi. Wanga ni nin nemo abina."

Ta rubuta mai tuwo. Daga baya, cikin hira, ta ba shi labarin masu sauya jinsi da ake ta magana a kansu a rediyo. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai san wannan ba, shi dai a sahun maza yake salla, ya taɓa aure, yana da ɗiya da ke aure a wani gari. Wannan ya nuna mini cewa sunan da aka ƙera a wata ƙasa ba lallai ya shige shi ba. Amma buƙatar da ke ƙarƙashin sunan iri ɗaya ce a Mumbai da Lahore da Birnin Kebbi: a duba shi a asibiti ba tare da an mayar da shi abin kallo ba, kuma in ana rabo a ƙirga da shi.

Ƙoƙarinta na farko bai yi nasara ba. Ta je wurin ɗaya daga cikin masu rubuta sunayen mabuƙata a yankin, mutumin kirki, mai zuwa masallaci. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Yarinya, na san shi, na san halin da yake ciki. Amma in na sa sunansa, mi zan ce ma jama'a?" Sunan bai shiga ba, har aka gama rabon.

Kafin mu koma gida labari ya riga mu. Kawu ya kira ta, ransa a ɓace. Ɗiya mace, budurwa, mai manemi, an gan ta a rumfar 'yan daudu? Ni ma na sha nawa faɗan, tunda ni na ɗauke ta. Kuma kada ka ce kawu ba shi da hujja. A garinmu magana ɗaya na iya rushe auren yarinya, shi kuwa uba aikinsa ke nan ya tsare mutuncin ɗiyarsa. Ya ce ta ajiye wannan karatu har a koma makaranta.

Kakarmu ce ta raba gardamar. Tsohuwa 'yar Argungu, tana zaune tana jan carbi, ta tambayi wane mai tuwo ake nufi. Da aka kwatanta mata, ta dubi taubashiyata ta ce, "Shi yad dahwa abincin bikin ubanki. Kwana ukku yana bakin wuta. Babu wanda bai ci ba, har limamin da yad ɗaura auren." Sannan ta juya ga kawu: "Lokacin da kuna buƙatar hannunai ba ku ce hannun ɗan daudu na ba. Ku auna tiya huɗu ta gero ku kai mai, ku ce ni nic ce." Kawu bai sake magana ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, kada ta je ita kaɗai.

Washegari muka kai shi asibiti a Keke Napep. Ita ta karɓi katin da kanta, ta tsaya kusa da shi har aka kira shi, ta nemo ofishin da ke duba marasa galihu aka rage masa kuɗin magani. Ba wanda ya yi dariya. Ban sani ba ko don sun ga yarinya da hijabi da takarda a hannu tana kiran sa Baba ne. An cire masa yatsu biyu, amma ƙafar ta tsira.

Akwai saura. Ɗaya daga cikin yaran uku shekararsa goma sha shida, daga wani ƙauye a fadamar Argungu. Ubansa ya kore shi da sanda saboda ya fi son zama cikin mata da daka da girki, yaran gari na bin sa da waƙa. Ya iso tasha da dare ba shi da ko sisi, mai tuwo ya ba shi abinci da wurin kwana. Dattijon ne da kansa ya roƙe ta, ya ce, "Ki maishe shi gida in za su karɓe shi. Rayuwar ga ba ta da daɗi." Ta tambayi yaron, ya ce yana son ganin uwarsa. Sau uku muna hawa babur zuwa can. Zuwan farko uban bai fito ba. Na biyu ta bi ta wurin limamin ƙauyen, shi ya tuna wa uban cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na uku muka tafi da yaron. Ya yi aikin shinkafa da su a daminar da ambaliya ta cinye gonakin Kebbi, daga baya aka kai shi koyon ɗinki.

Na san abin da wani zai ce: wannan ɗan jarida yana shafa wa ɓarna mai. To mu yi lissafi tare. Kai da kake son yaron nan ya gyaru, ta wace hanya za ka gyara wanda ka daina yi wa magana? Sanda ta kore shi daga gida zuwa tasha. Wadda ta dawo da shi yarinya ce da ta yarda ta zauna a tabarmar mai tuwo. In da ta tsaya daga nesa tana tsinuwa, da yanzu yana can, ko wani wuri da ya fi can muni.

Wani kuma zai kawo doka, kuma gaskiya ne akwai ta. Tsohuwar dokar final kod ta Arewa, a sashe na 405, ta sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Jihar Kebbi ta ƙaddamar da Shari'a a ƙarshen 2000. A Janairu 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren da shekara 10 ga masu kafa musu ƙungiya ko mara mata baya. Tsoron wannan doka ya sa wasu ma'aikata da 'yan agaji ke gudun duk abin da ya yi kama da ɗan daudu. Amma ka karanta ta ka gani, babu inda ta hana ba mai yunwa gero, ko kai mai ciwon suga asibiti. Tsarin mulkin 1999 kuwa, a sashe na 33 da na 34, ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa da na mutunci, bai ce sai an duba yadda yake tafiya ba. Kuma a iya zamana gaban malamai, ban taɓa jin wanda ya ce a bar mai laifi ya mutu da yunwa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In da halin kirki ne tikitin shiga takardar tallafi, da takardar ba ta cika shafi ɗaya ba.

An buɗe makarantu a Oktoba 2020. Taubashiyata ta koma da takardunta biyu, ta gama, yanzu tana aiki a wani asibiti. A 2022 aka yi dokar kafa majalisar da za ta kula da wannan sana'a a Nijeriya, abin da ya ɗaga darajarta a takarda. Saura darajarta a idon jama'a, kuma a nan ne namu aikin ya shigo, mu 'yan fim da marubuta.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san darakta Mahesh Bhatt. A 1991 ya yi Sadak, inda Sadashiv Amrapurkar ya fito a Maharani, mugun da ke tsakanin namiji da mace, mai cinikin 'yan mata, wanda ya hana yara barci. Shekara shida bayan haka, a 1997, shi dai wannan darakta ya yi Tamanna, inda Paresh Rawal ya fito a irin wannan jinsi, amma a matsayin talakan da ya tsinci jaririyar da uban ta mai kuɗi ya sa aka yar don ta zo mace, ya raine ta har ta girma. Mun kwaikwayi Indiya a rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, amma wannan juyi da Bhatt ya yi ba mu ɗauko shi ba.

Ban ce a karya dokar hukumar tace finafinai ba, tana da dalilanta, kuma wasu fitowar da aka riƙa yi dama ba su da amfani ga kowa. Amma akwai labarin da babu dokar da ta hana. Jarumanmu kullum likita ne, ko barista, ko soja, ko ɗan Alhaji da ya dawo daga Ingila. Ni dai ban taɓa cin karo da fim ko littafin da jarumarsa jami'ar walfiya ce ba, mai yawo da jaka da takardu, tana tsakanin uban da ke tsoron bakin mutane da mara lafiyar da ke tsoron dariyarsu. Furodusa, ga labari nan kyauta, da rikicin gida, da manemin da zai ja baya, da kaka mai raba gardama. Marubuciya, ga littafi na ɗaya da na biyu.

Kai kuma mai karatu, ba sai ka jira fim ba. Annoba za ta sake zuwa, in ba korona ba wata, in ba cuta ba ambaliya. Ranar da aka kira ka cikin masu rubuta sunaye a unguwarku, ko aka ba ka buhu aka ce ka raba, ka yi abin da malamar nan ta koya wa ɗalibanta: bayan ka gama takardar farko, ka ɗauko ta biyu, ka tambayi kanka wa kuka tsallake, kuma don me. Mai tuwo yana nan a rumfarsa har yau, yana ɗingishi, yana ba direbobi bashi. In hanya ta biyo da kai, ka yi masa sallama irin wadda ake yi wa dattijo.

Allah ya kare mu daga annoba, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai wata mai zuwa, in da rai da lafiya.